Cire sitabilaizar gaba a Mustang don tseren kwata mil: riba ce ko asara?

Sadik (Ohayo): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen masu sani. Motata Mustang ce ƙirar 1990, injin 5.0, giyar hannu. Nakan kai ta filin tsere na kusa da mu a daren gwaji, inda kowa ke biyan kuɗin shiga ya gwada motarsa a miƙaƙƙiyar hanya, kwata mil, ƙafa 1,320. Matsalata wajen tashi ce. Na sa tayoyin tsere masu laushi a baya, amma ƙafa 60 ta farko tana cin mini kusan daƙiƙa 1.9, kuma idan na dubi zanen da tayoyin suka bari a ƙasa sai in ga na dama ya fi na hagu tsawo da duhu. Dattawan filin sun ce in cire sitabilaizar gaba, wato sandar ƙarfen da ke rage wa mota kwanciya a kwana. Sai dai motar nan da ita nake zuwa aiki idan ba lokacin ƙanƙara ba ne. In cire ko in bari?

Nura Tekzas: Wa alaikumus salam. Cire ta yau ɗin nan, ɗan uwa. Je ka leƙa ƙarƙashin duk motar da ke tsere da gaske, ba za ka ga wannan ƙarfen a gaba ba. Nauyi ne kawai a hanci, kuma yana danne gaban motar ya hana shi ɗagawa. Idan gaba bai ɗaga ba nauyi ba ya komawa kan tayoyin baya. Ni da ta gaba da ta baya duk na cire a tawa.

Malam Habu Bakanike (Kano): Salamu alaikum. Ni ban taɓa kwance Mustang ba, amma aikin ƙafar mota na daɗe ina yi. Wannan ƙarfe ba ado ba ne. Mota ta zo mana linkin sitabilaiza, wato ɗan ƙarfen da ke haɗa ta da ƙafar mota, ya karye, mai ita zai ce maka tana kwanciya a kwana, kuma in ya kauce wa rami da gudu sai ta yi ta lilo kafin ta daidaita. Ƙanena Sadik, kai da bakinka ka ce da ita kake zuwa aiki. Daƙiƙa nawa za a ba ka da za ka sayar da lafiyarka?

Nura Tekzas: Oga Habu, da girmamawa, a wannan tsere babu kwana. Daga nan zuwa can ne, shi ke nan.

Malam Habu Bakanike (Kano): To daga gidansa zuwa filin fa? Shi ma babu kwana?

Injiniya Maryam (Mishigan): Assalamu alaikum. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, domin akwai gaskiya a maganar Malam Nura, amma dalilin da ya bayar ba shi ne babban dalilin ba.

Sitabilaiza sandar ƙarfe ce mai lanƙwasa a bakinta biyu, an ɗaure tsakiyarta a jikin mota da bushin guda biyu, bakunan kuma an haɗa su da ƙafar hagu da ta dama. Ba ta aiki sai an murɗa ta, kamar yadda ake murɗa zane a matse ruwa, hannu ɗaya ya yi nan ɗaya ya yi can. Idan taya ɗaya ta hau sama ɗaya ta sauka, ta murɗu, sai ta yi turjiya. Idan kuwa tayoyin biyu suka sauka tare, kamar lokacin da hancin mota ya ɗaga a miƙe, juyawa kawai take yi a cikin bushin ɗinta ba tare da ta riƙe komai ba. Saboda haka cewa tana danne hanci ba daidai ba ne, sai fa idan bushin sun bushe sun cije ta, ko linki sun yi gajarta har suna tsayar da ƙafa kafin ta gama miƙewa. Wannan yana faruwa sosai a tsofaffin motoci, ban musa ba.

Nauyinta kuma bai taka kara ya karya ba. Ita da linki da maɗaurai ba za su wuce kilo 10 ba. Lissafin da 'yan tsere ke yi a baki shi ne, duk kilo 45 da ka rage a mota irin wannan ka samu kusan daƙiƙa 0.1 a kwata mil. Kun ga ribar nauyin ba ta fi daƙiƙa 0.02 ba.

Ainihin maganar tana cikin abin da Sadik ya faɗa game da zanen tayar dama.

Sadik (Ohayo): Ina saurare, Injiniya. Na ɗauka ko iskar tayoyin ce ba daidai ba, amma na auna, ɗaya suke.

Injiniya Maryam (Mishigan): Ba iska ba ce. Motarka aksul ɗin bayanta guda ne, ƙarfe ɗaya daga taya zuwa taya. Lokacin da ka saki kuloci, farfela ba juya tayoyi kaɗai take yi ba, tana kuma ƙoƙarin karkatar da aksul ɗin gaba ɗaya: ta danna tayar hagu ƙasa, ta sassauta ta dama. Bari mu yi lissafi. Injin 5.0 na waɗannan shekarun yana ba da ƙarfin murɗa kusan Nm 400 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa). Giya ta ɗaya a akwatin giyarka, T5, tana ninka shi sau 3.35, ya zama kusan Nm 1,340 a farfela. Tsakanin tayoyin baya kusan mita 1.45 ne. Raba su, sai ka ga kimanin kilo 94 ake cirewa daga tayar dama a ɗora wa ta hagu. Tayar da aka sauke wa kaya ita ce ke fara murzawa a banza.

Amma labarin bai ƙare nan ba. Injin da ke murɗa farfela, shi ma yana murɗa jikin motar ta ɗaya ɓangaren, da ƙarfi iri ɗaya. Shi ya sa kuke ganin hancin hagu, gefen direba, ya fi ɗagawa, gindin dama kuma ya zauna. Wannan zaman da jiki ke yi a kan sifirin ɗin dama na baya yana mayar wa tayar dama nauyin da farfela ta ƙwace mata. Da a ce ƙafar baya ce kaɗai ke tare karkatar jikin, da an yi canjaras, tayoyin biyu su ɗauki kaya daidai. To amma ƙafar gaba ita ma tana tarewa, kuma mafi yawan wannan turjiyar daga sitabilaizar gaba take fitowa. Duk kason da gaba ya tare, tayar dama ta baya ta yi asararsa. Idan a ce gaba ne ke riƙe kashi 70 cikin ɗari, to kilo 65 da 'yan kai sun tafi ba su dawo ba.

Ka kwance ta gaba, sai aikin ya koma kan baya, tayoyin biyu su kusanci juna a nauyi. Ribar ke nan. Kuma daga nan za ku gane abin da ya sa ban goyi bayan cire ta baya ba. Ita ce ke yi maka aikin da kake nema.

Nura Tekzas: Hajiya, na ji bayani kuma na ƙaru. Amma ni fa na cire duka biyun kuma motata ta fi tashi. Abin da na gani nake faɗa.

Injiniya Maryam (Mishigan): Ban ƙaryata ka ba, Malam Nura. Tare ka cire su, ko ɗaya bayan ɗaya? Kuma wace mota ce?

Nura Tekzas: Tare. Camaro ce ta 2013.

Injiniya Maryam (Mishigan): To ka ga abu biyu. Na farko, tunda tare ka cire, ba mu san wacce ta taimaka wacce ta cutar ba. Na biyu, motarka da ta Sadik ba gini ɗaya ba ne. Camaro tun daga 2010 kowace tayar baya da ƙafarta, akwatin da ke raba ƙarfi kuma a jikin mota yake ɗaure. Murɗar farfela a cikin jiki take ƙarewa, ba ta isa ƙasa ta sassauta taya ɗaya. Haka Challenger tun 2008, haka Mustang daga 2015. A irin waɗannan, duk lissafin da na yi a sama bai shafe su ba. Abin da ka samu wataƙila sakin gaba ne da ɗan rage nauyi. Masu tsofaffin motoci irin su Chevelle da GTO da Mustang ɗin Sadik, su ƙara wa baya sitabilaiza mai kauri suke yi, wasu har su sa wadda ake walda maɗauranta a jikin mota. Tsohuwar dabara mai arha kuma ita ce a cusa balan-balan na roba mai kauri cikin sifirin ɗin dama na baya a hura masa iska. Manufar duk ɗaya ce.

Isuhu Ɗan Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Tambaya gare ni. To shi ɗaga hancin da ake ta magana, yana ƙara wani abu ko kallo ne kawai?

Injiniya Maryam (Mishigan): Yana ƙarawa, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba. Nauyin da ke komawa baya abu huɗu ne ke yanke shi: nauyin mota, ƙarfin fizga, tsayin cibiyar nauyinta daga ƙasa, da tazarar tayar gaba da ta baya. Ɗauki mota mai kilo 1,400, tazara mita 2.55 kamar ta Sadik, cibiyar nauyi rabin mita daga ƙasa. In ta yi fizga mai ƙarfin g ɗaya, wato daidai da ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, kusan kilo 275 ne ke komawa baya. Idan ɗagawar hanci ta ɗaga cibiyar da santimita 5, an ƙara kilo 27. Shi ya sa 'yan tsere ke sa shokazoba na 90/10 a gaba, wanda ke miƙewa cikin sauƙi amma ya daɗe bai koma ba, don hancin ya tashi da wuri ya tsaya a sama. Wannan aikin shokazoba da sifirin ne fiye da na sitabilaiza.

Alhaji Garba (shugaban zaure): Madalla da wannan bayani, Allah ya ƙara basira. Amma kada a bar maganar Malam Habu a baya, domin ba a amsa ta ba. Sadik, ɗana, na san kana da iyali. Injiniya, gaya mana gaskiya, me zai faru a titi idan ya cire ta gaba ya bar ta baya kamar yadda kika ce?

Injiniya Maryam (Mishigan): Gaskiya, Baba Alhaji, wannan haɗin shi ne mafi kyau a filin tsere kuma shi ne mafi haɗari a titi. Kamfanoni da gangan suke sa ta gaba ta fi ƙarfi, don idan direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, gaba ne zai fara zamewa, ya ɗaga ƙafa daga totur motar ta dawo hanya. Ka mayar da turjiyar baya, to baya ne zai fara kwashewa, motar ta juya da kai. Mustang ta waɗannan shekarun dama gindinta ba shi da nauyi, ba ta da na'urar da ke daidaita mota in ta fara zamewa, ko birkin ABS ba ta da shi. A tafiyar yau da kullum mutum ba zai ji wani bambanci mai yawa ba, kuma nan ne haɗarin yake, don sai ya saki jiki. Ranar da barewa ta faɗo masa a babban titi, ko aka yi ruwa a kan lanƙwasar fita daga babbar hanya, ranar zai san babu ita.

Malam Habu Bakanike (Kano): Alhamdu lillahi, abin da nake faɗa ke nan. Kuma bari in ƙara wani abu saboda yaranmu na gida da ke karanta wannan zaure. Ba kowace mota ake taɓa wa wannan ƙarfe ba. Tsohuwar Marsandi 200 da 230, ƙirar W123, sitabilaizar gabanta ita ce ke riƙe hannun ƙafa na sama. Ka cire ta, ka taka birki, tayar ba ta da abin da zai tsayar da ita a mazauninta. Kafin mutum ya ɗauki sifana ya fara tabbatarwa ƙarfen ba shi da wani aiki na biyu.

Sannan masu Corolla da Civic da ke wasan mota a wajen biki, kada wani ya ji wannan hira ya je ya kwance tasa. Motarku da tayar gaba take ja. Nauyi ya koma baya, tayar da ke ja ce ta rasa riƙo. Babu abin da za ku samu sai haɗari, kuma mutane ne a tsaye a bakin hanya.

Sadik (Ohayo): Gaskiya ne, Oga Habu. A Mustang ɗin nan hannun ƙafa na ƙasa mai baki biyu ne, shi ke riƙe kansa, sitabilaizar ba ta tallafe shi. Na duba. Amma yanzu na shiga tsaka mai wuya. In cire, titi ya zama matsala. In bari, tayar dama ta ci gaba da murzawa.

Malam Habu Bakanike (Kano): Wa ya ce sai ka cire ta ɗungurungum? Linki ɗaya za ka kwance. Da zarar baki ɗaya ya saku, ƙarfen ba shi da abin da zai murɗu a kai, ya zama kamar babu shi. Noti ɗaya ne da 'yan robobi. Ka isa fili ka kwance, ka gama ka mayar, ka koma gida da motarka cikakkiya. Ka dai yi a wuri mai shimfiɗa, tayoyin biyu a ƙasa ko biyun a sama, in ba haka ba ramin ba zai hau ba.

Injiniya Maryam (Mishigan): Wannan ita ce shawarar, Malam Habu ya riga ni. Abin da zan ƙara, ka juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, ka tabbata bakin da ya saku ba ya taɓa taya ko tiyon birki. Wasu sukan kwance biyun su ɗaure ƙarfen sama da waya. Kuma ko a filin kansa ka kula. Bayan layin ƙarshe kana kan gudun da ya haura mil 100 a awa, za ka taka birki, sannan akwai kwanar fita. Ka rage gudu sosai kafin ka karya sitiyari. Idan kuma motar ta fara kaucewa a tsakiyar tsere, ɗaga ƙafa, kada ka yi kokawa da ita.

Nura Tekzas: Ni dai har yanzu ina ganin wahala ce kawai, kwance ka ɗaura kowane mako. Wanda ke son lamba mai kyau a takarda ya cire ya huta.

Alhaji Garba (shugaban zaure): Nura, motarka a tirela kake kai ta ko tuƙa ta kake yi?

Nura Tekzas: Yanzu a tirela, Alhaji. Ina da wata ta zuwa aiki.

Alhaji Garba (shugaban zaure): To ka ga halinku ba ɗaya ba ne. Ka riƙa faɗin wannan tun farko idan za ka ba da shawara.

Injiniya Maryam (Mishigan): Akwai misali daga kamfani ma. Dodge sun fitar da Challenger SRT Demon ƙirar 2018, mota mai ƙarfin doki 840 da man tsere, wadda ta yi kwata mil a daƙiƙa 9.65, har tayoyin gabanta na barin ƙasa wajen tashi. Don wannan tseren aka gina ta, sun cire kujerar fasinja da ta baya don rage nauyi. Amma sitabilaiza ba su cire ba. Sun sa masu rami a ciki, marasa nauyi, sun sassauta ta gaba sosai fiye da yadda suka sassauta ta baya, suka sa sifirin masu laushi. Sun san motar za ta hau titi. Kai ma Sadik, in kwance linki ya ishe ka, kana iya neman siririyar sitabilaiza ta Mustang mai silinda huɗu ta shekarun nan ka ɗaura, ka samu tsaka-tsaki.

Isuhu Ɗan Maraɗi: Su hukumar tseren ba su hana a shiga fili babu ita?

Sadik (Ohayo): A filinmu masu duba mota ba su taɓa tambayata ita ba. Abin da suke dubawa batir ya ɗauru, notocin taya su cika, babu yoyon mai ko ruwa, da bel. A dokar NHRA, hukumar irin wannan tsere a Amurka, motar da ta yi kwata mil a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka sai da hular kwano, tsohuwar mota irin tawa kuma in ta kai 11.49 sai an sa ƙarfen kariya a bayan kujera. Ni ina wajen 13 da 'yan kai, hula kawai nake sawa.

Injiniya Maryam (Mishigan): Idan ka je, yi gwajin da tsari. Fara da linki a ɗaure ka yi 'yan zagaye, sannan ka kwance ka sake, a dare ɗaya, iskar taya ɗaya, juyin inji ɗaya wajen sakin kuloci. Lambar ƙafa 60 kawai za ka duba, don ta ƙarshe canjin giya da iskar gari suna shiga cikinta. Ka sa wani ya tsaya a baya ya ɗauki bidiyo.

Sadik (Ohayo): Salam 'yan uwa, na dawo da rahoto. Na yi yadda aka ce. Da linki a ɗaure ina nan wajen 1.9. Da na kwance ta sauko wajen 1.85, kuma ba ta yawo sama da ƙasa kamar da. A bidiyon hancin hagu ya ɗaga fiye da yadda na saba gani, gindin dama ya zauna sosai. Zanen tayoyin ya kusa zama ɗaya, amma na dama har yanzu ya ɗan fi. A kwanar fita kuwa na ji ta kwanta yadda ban taɓa ji ba, ko da yake a hankali nake.

Malam Habu Bakanike (Kano): Ka mayar da linkin kafin ka kama hanya?

Sadik (Ohayo): Na mayar, Oga, tun a filin. Robobinsa sun tsage ma, na sayo sababbi.

Nura Tekzas: Ka gani ko? Ta sauko. Yanzu saura shokazoba na 90/10 da siraran tayoyi a gaba.

Injiniya Maryam (Mishigan): Kada ka je can tukuna, Sadik, waɗannan biyun ba a kwance su da noti ɗaya kafin a koma gida. Tunda tayar dama har yanzu tana ɗan fin ta hagu murzawa, abu biyu zan duba. Aksul ɗinka na baya yana da faifan kuloci a ciki da ke tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare, kuma a motar 1990 da wuya a ce ba su cinye ba. Ka sa mota a furi, ka tare tayoyin gaba, ka ɗaga tayar baya ɗaya da jak ka juya ta da hannu. In ta juya cikin sauƙi, faifan sun gama. Na biyu, ka haska fitila inda hannayen ƙafar baya ke ɗaure a jikin mota, gaban tayoyin baya kaɗan. A wannan ƙirar ƙarfen wurin siriri ne, yakan tsage idan ana tashi da tayoyi masu riƙo, kuma yanzu ka ƙara wa na dama kaya. In ka ga tsaga ko fenti ya ɗaye a layi, a yi walda a ƙara faranti kafin ka sake zuwa fili.

Sadik (Ohayo): To Injiniya, ranar Asabar zan ɗaga ta in turo hotunan wurin.

Malam Habu Bakanike (Kano): Ka sa mata abin tokare mai kyau kafin ka shiga ƙarƙashi, kada ka dogara da jak kaɗai. Kuma ka goge wurin da burushin waya kafin ka ɗauki hoton, tsaga takan ɓuya a ƙarƙashin datti.